Faifaina ya faɗa tafki, amma ba wannan ce kunyar ba

Duk wanda ke bin shafina ya san na yi wata huɗu a Amurka bara, a wani shirin musayar ɗalibai, kuma ya sha hotunan dusar ƙanƙara har ya gaji. Abin da ban taɓa ɗorawa ba shi ne bidiyon ranar da abokin ɗakina ya ja ni wasan jifan faifai, wanda su suke kira disc golf. Yana nan a wayata. A ciki za ku ga na ja da baya, na taho a guje kamar mai shirin buga fanareti, na saki faifai da iya ƙarfina. Maimakon ya yi gaba, sai ya karkace ya yi dama, ya faɗa tafki tsulum. Agwagi suka watse. Muryar da ake ji tana cewa "innalillahi" tawa ce.

Bari in ɗan yi bayanin wasan, don na san da yawanmu ko a TikTok ba mu taɓa cin karo da shi ba. Faifai ne na roba, faɗinsa kamar murfin ƙaramar tukunya, nauyinsa bai kai giram 200 ba. Za ka tsaya a wani dandamali ka wurga shi wajen wani kwandon ƙarfe da ke kan sanda, mai sarƙoƙi a rataye da ke tare faifan ya zube ciki. Inda ya faɗi, daga nan za ka sake jifa, har sai ya shiga. Zango 9 ne ko 18, kuma wanda ya gama da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Wani mutum mai suna Ed Headrick ne ya tsara filin farko na dindindin a Kalifoniya a 1975, shi ya ƙirƙiro kwandon mai sarƙa, shi ya kafa ƙungiyar wasan, PDGA, a 1976. Da ya mutu a 2002, bisa wasiyyarsa aka cakuɗa tokar gawarsa cikin robar wasu faya-fayai. Allah Ya kyauta, son abu dai iri-iri ne. Yau wasan ya bazu, musamman a Finland da Estoniya, kuma yawancin filayen a cikin lambunan shaƙatawa na gari suke, kyauta, ba mai gadi, ba tikiti.

Mu huɗu muka yi wasan ranar: ni, abokin ɗakina, kawunsa wani dattijo mai furfura, da wata 'yar ajinmu. Kafin mu kai zango na shida na gama duk wani abin kunya da sabon shiga zai iya yi. Na bugi bishiyar farko da ke gabana, wadda ko taku goma ba ta kai ba, faifan ya dawo ya faɗi kusa da ƙafata. Na yi jifa biyu masu kyau wajen wani kwando, ina ta murna, ashe na zango na gaba ne. Na tsaya dab da kwando, inda ko yaron goye zai jefa ya shiga, na buga wa sandar. Kowane ɗaya an yi dariya, har da ni. Dattijon ya ce shekarunsa sun fi ashirin yana wannan wasa, kuma faya-fayansa da ke ƙasan tafkin nan sun isa a buɗe shago. Wato dai ba wanda bai sha ba.

Sai zango na takwas. Akwai 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa filin, na kuma hango wata dattijuwa tana tafe da jikanta. Na ce a raina ai sun yi nisa, ni da ko rabin nan ban taɓa kaiwa ba. Na saki. Wallahi duk ranar ban yi jifa mai kyau irin wannan ba. Faifan ya miƙe, ya yi ta tafiya, sai ya fara lanƙwasa hagu, kamar yadda yake yi wa duk mai jifa da bayan hannun dama idan gudunsa ya ragu. Ban san haka ba a lokacin. Mutum uku a bayana suka ƙwalla "Fo!" a tare, kalmar gargaɗinsu ke nan, irin "hanya, hanya!" ɗin mai kura a kasuwa. Ni kuwa na daskare, bakina a buɗe. Matar ta janyo yaron, faifan ya wuce ta gefen kansa ya caki ƙasa.

Ba wanda ya yi dariya. Abokin ɗakina ya sauke wayarsa. Dattijon bai ɗaga murya ba, ya dai dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ba a jifa sai gaba ta zama fili, ko da kana ganin ba za ka kai ba. Zo mu je ka ba ta haƙuri." Tafiyar nan ta fi min kowace tafiya nisa. Faifan jifan nesa ba irin na wasan yara ba ne, bakinsa siriri ne kuma da tauri, yana iya fasa goshi. Matar ta karɓi haƙurin, amma kallon da ta yi min har yau ina ganinsa.

Tun daga ranar nake juya abin a raina, kuma ra'ayina ke nan: mutanen nan sun raba kuskure gida biyu, kuma rabon nasu ya fi namu daidai. Kuskuren hannu, irin na tafki da bishiya, abin raha ne, kowa na da nasa labarin. Kuskuren hali, wanda ke taɓa lafiyar wani ko haƙƙinsa, ba a wasa da shi ko sau ɗaya. Mu kuwa a soshiyal midiya kamar mun kifar da ƙwaryar. Yarinya ta yi tuntuɓe a wurin biki, ko wani ya karya Turanci a gaban makirfo, kafin magariba sun zama sitika a kowane guruf, wasu har su rufe shafinsu don kunya. Amma wanda ya yi wasan ganganci da mota a titin da yara ke tsallakawa, ko ya damfari mutane ya fito yana fankama, shi ne ake cika wa kwament da "sai kai, oga."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wasan ba shi da rafli mai bin kowa da usur. Ko a gasa, galibi 'yan rukunin da ke wasa tare su ne alƙalan junansu. Su ke cewa ƙafarka ta wuce layi, su ke cewa faifanka ya fita fili, in kuma suka kasa daidaitawa, dokar ta ce a bar wa mai jifa amfanin shakkar. Ladabi ma a rubuce yake cikin dokokin PDGA: surutu ko motsi lokacin da wani ke shirin jifa, zagi, zubar da shara, duk laifi ne. Na farko gargaɗi, in ka maimaita a ƙara maka jifa ɗaya a lissafi. Kada ku ce don ba kuɗi a ciki ne. A 2021 Paul McBeth ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 10 na shekara 10 da kamfanin Discraft, kuma shi ma cikin wannan tsarin yake wasa.

Na gwada tsarin, na kuma sha kunya ta biyu. A wani zango aka tambaye ni jifa nawa, na ce shida, alhali na san bakwai ne, domin faɗawa ruwa tara ce ta jifa ɗaya. 'Yar ajin namu ba ta ce na yi ƙarya ba. Cewa ta yi, "Mu ƙirga tare," ta fara nuna wurare da yatsa: bishiya, ciyawa, ruwa. Kafin ta kai ƙarshe na ce bakwai ne. Ta rubuta, aka wuce. Jifa ɗaya tak, a wasan da ba kofi ba ko sisi, kuma ni ne na ƙarshe ko da shida ko da bakwai. Har yanzu ban gane me ya kai ni ba.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya. Wanda faifansa ya fi nisa da kwando shi ke fara jifa, saura su tsaya a bayansa, shiru. Faifan wani ya ɓace a ciyawa, kowa zai shiga nema, minti uku dokar ta bayar. Kuna tafiyar hawainiya, ku matsa wa na bayanku su wuce. Ba a karya reshe don a buɗe wa kai hanya. Wadda ta fi burge ni ita ce ta tsintuwa: kowa na rubuta sunansa da lambar wayarsa a cikin faifai da alƙalami mai tawada, wanda ya tsinta sai ya kira ko ya tura saƙo. Ba wanda zai kama ka in ka jefa shi a jakarka. Amma a wurinsu wanda ya goge sunan wani ya ɗora nasa ya fi wanda ya yi jifa goma a zango ɗaya abin ƙyama, nesa ba kusa ba.

Na san wani zai ce, to malam, dariya ma haramun ce? A'a. Ni ma ina da sitikoki a wayata, ba waliyyi ba ne. Kuma ban ce mutanen can mala'iku ba ne. Na ga masu zuwa da sifika suna cika wa kowa kunne, na ga gwangwanaye a yashe a gindin kwando. Bambancin shi ne dariyar da aka yi min a gabana aka yi ta, da ni aka yi ta, kuma ta ƙare a filin. Da muka koma ɗaki abokina ya nuna min bidiyon tafkin, muka sake sheƙewa, sannan ya tambaye ni ko zai iya ɗorawa. Na ce a'a. Ya turo min, ya goge nasa a gabana. Ni da nake karanta aikin jarida, ake koya min neman izini kafin ɗaukar mutum, sau nawa na tambayi wani kafin in tura bidiyonsa guruf? Ban tuna ko sau ɗaya ba.

Faifan da na jefa a tafki na dattijon ne, aro ya ba ni. Na ce zan biya, ya ƙi. Saura sati biyu in dawo gida abokin ɗakina ya nuna min saƙo daga kawun nasa: wani ya shiga ruwan ya tsamo faya-fayai da yawa, ya ga lamba, ya kira. A hoton faifan ya yi kore shar da gansakuka, amma sunan na nan ana iya karantawa. Bidiyon kuwa, bayan wannan rubutun zan ɗora shi da kaina a daren Juma'a. Na zango na takwas babu shi, ba a ɗauka ba.