Zuwa ga Masu Fassara, a kan Sunan Kwandere



Tun da aka buɗe filin jirgin dakon kaya a Kwandere, kusa da Lafiya, a 2022, sunan garin na iya shiga takardun da ke ƙetare teku. Wata rana za a miƙo wa ɗayanku irin wannan takarda, a ce ya mayar da ita harshen Cek. Ina roƙonku, kada wanda bai zauna ya koyi harshen ba ya karɓi aikin yana dogara da na'ura.

Ku fara da Lafiya, babban birnin jihar da Kwandere take. Na'ura na iya cin karo da "ya tafi Lafiya" ta ɗauka ƙoshin lafiya ake nufi, shi ke nan Lafiyar Barebari ta ɓace daga takardar. Sunan gari ba a fassara ma'anarsa, ɗaukarsa ake yi a kai shi yadda yake.

To amma kai shi ɗin ma aiki ne. Mutumin Cek yana karanta w kamar v, don haka Kvandere zai ce. Harafin j a wurinsa y ne, Abuja ta koma Abuya. Abin da ya fi wuya shi ne nahawunsu, inda suna ke sauya ƙarshensa har hali bakwai. Babban birninsu Praha ne, amma "a cikin birnin" sai su ce v Praze, "zuwa birnin" kuma do Prahy. Haka za su yi wa Lafiya, wadda ake rubutawa Lafia a takarda, ta koma v Lafii, wanda kuwa bai taɓa jin garin ba ba zai gane asalin sunan ba. Saboda haka a ambato na farko ku rubuta ve městě Lafia, wato "a garin Lafia", sunan ya fito cikakke. A fasfo da adireshi da takardar kaya kuwa, ko harafi ɗaya kada ku taɓa.

Wani zai ce ai su ma suna kiran birnin Rum Řím, mu ma muna cewa Ikko da Masar da Habasha. Gaskiya ne. Sai dai waɗannan sunaye bakin fatake da alhazai ne ya gyara su a tsawon zamani, ba tafinta ɗaya ne ya ƙaga su a kan teburinsa ba.

Koyon kuma ba abin tsoro ba ne. Petr Zima, masanin harsuna daga Praha, ya koyi Hausa har ya yi rubuce-rubuce a kanta. Ku ma ku fara da haruffa da sautinsu, sannan halayen nan bakwai. Kafin ku bayyana wa baƙo yadda ake furta Kwandere, ku je garin, ku gaida dattawa a fadar Sangarin Kwandere, ku ji sunan daga bakinsu.

Wassalam.