Wasiƙa ga masu yi wa madubin kyamarar zafi rigar kabon



Tun 1971, lokacin da Aisenberg da Chabot suka fito da kabon mai kama da daimon, taurinsa ake ta yabo. Roƙona shi ne ku rage wannan yabo, ku mai da hankali kan yadda shafin ke kama jikin madubi.

Dacewar kabon da jamaniyam ɗin da ake yin madubin da shi kyauta ce muka tarar. Jamaniyam tsirara yana mayar da kusan kashi 36 cikin ɗari na hasken zafi a kowace fuska, saboda ma'aunin karya haskensa 4 ne. Na kabon kuwa wajen 2, daidai abin da lissafi ke nema. Shi ya sa shafi ɗaya mai kaurin maikiron ɗaya da kwata yake wadatar da zangon maikiron 8 zuwa 12.

Inda hannunku zai nuna shi ne kafin a saki iskar metan cikin tukunya. Ku kankare fuskar madubin da filasmar agon, kada ku yi gaggawa. Ƙwayar ƙura ɗaya idan ta zauna, bayan ta faɗi sai ta bar rami kamar bakin allura. Ido ba zai gani ba ranar da kaya suka bar masana'anta. Amma bari kyamarar ta yi wata shida a jirgin ruwa: gishiri ya shiga ramin, ya ci jamaniyam ta ƙasa, shafin ya kumbura, ya fara ɓarewa daga nan. Don haka kada gwajin goga da yashi ya ruɗe ku, ku haɗa da na hazon gishiri, sannan ku duba da madubin ƙara girma.

Duk wanda ya ƙara ƙarfin bugun filasma don neman tauri, ya sani yana tara matsi a cikin shafin, kuma gefen madubi ne zai fara tona masa asiri. A kan madubin zinki salfaid abin ya fi muni. Sai an shimfiɗa siririn jamaniyam tukuna kabon yake zama.

Af, fuskar ciki ba ta gamuwa da yashi, ku bar mata shafi mai hawa-hawa da ya fi wucewa da haske.

Tun Agustan 2023 da Sin ta ƙuntata fitar da jamaniyam, masu saye suna karkata ga gilashin kalkojenaid. Shi ba ya jure zafi, to ku sassauta wutar tukunya, ku sake gwajin mannewa daga farko.

Wassalam.