Raddi ga mai cewa dutse yana hutawa a sama

A wata fada ta Dogon Dutse wani dattijo mai karatu ya kafe kan magana uku: dutsen da aka wurga sama ƙarfin hannu ke ɗauke da shi har ya ƙare, in ya ƙare sai dutsen ya ɗan huta kafin nauyi ya kama shi, kuma babban dutse kan riga ƙarami isowa ƙasa. Malam, Allah ya ƙara girma, ko ɗaya ban yarda da ita ba.

Ta farko, ai Ibn Sina, shekara dubu da suka wuce, ya ce motsin jifa ba ya ƙarewa don kansa, sai wani abu ya tare shi. Hannu ya gama nasa tun da dutse ya bar tafi. Daga nan jan ƙasa ke zaftare masa gudu. Yaro mai korar tsuntsu a gonar gero ya saki majajjawa, dutse ya miƙe sama da gudun mita 19.6 a sakan. Bayan sakan ɗaya saura 9.8, bayan na biyu babu komai, ya kai tsayin mita 19.6.

Batun hutu ya fi damuna. A ƙololuwa gudu ne ya ƙare, jan ƙasa yana nan yadda yake. Da ya sake shi, da dutsen ya rataye can. Sakan biyu hawa, sakan biyu sauka, ya dawo da gudun da ya tashi da shi, ban da abin da iska ta rage. Shi ya sa harsashin murna da ake harbawa sama yakan dawo ya yi kisa.

Hujjarku ta uku daga masussuka kuka ɗauko ta. Na ga matan Tibiri suna shiƙa, tsaba na zuba gindin ƙafa, ƙaiƙayi na yawo. Wannan aikin iska ne. Galileo ya bayyana hakan a littafinsa na 1638, kuma a 1971 David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka dira tare.

Ga dutsen garinmu nan, Malam. Mu hau gaɓa guda da tsakuwa da dutsen niƙa, ku sake su da hannunku, yara su tsaya daga nesa su saurari ƙarar.