Wanda Maciji Ya Sara: Jinyar Zukatan Yara a Gidajen Tsaro

Hausawa kan ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Wannan karin magana ya tattaro abin da masana halayyar ɗan'adam suka daɗe suna nazari a kai, wato tabon da mummunar razana kan bari a zuciya. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a dubi halin da masu jinyar irin wannan tabo suke ciki a gidajen tsaron yara na ƙasar Birtaniya, da kuma abin da ya kamata a yi musu.

Su dai waɗannan gidaje wurin reno ne, amma a kulle suke. A Ingila, sashe na 25 na Dokar Yara ta 1989 ya ba da izinin kai yaro can idan ya saba guduwa har ana tsoron ya cutu, ko kuma ana ganin zai yi wa kansa ko waninsa rauni. Ba a tsare shi fiye da awa 72 sai da izinin kotu, ita kuma kotu ba ta wuce wata 3 a karon farko. Galibin yaran nan sun sha duka, ko an keta mutuncinsu, ko an yi watsi da su tun suna ƙanana. Binciken da Felitti da Anda suka yi a kan mutum fiye da 17,000 a Amurka, wanda aka fara buga sakamakonsa a 1998, ya nuna yadda wahalar ƙuruciya ke bin mutum har girmansa.

A 1992 wata likita, Judith Herman, ta kasa jinyar razana kashi uku: samun aminci, sai tuna abin da ya faru tare da jimaminsa, sai komawa cikin jama'a. Matsala ta farko tana matakin farko. Yaron da aka saba kullewa a ɗaki ana dukansa, yaya za a yi ya natsu a inda yake jin ƙarar makulli kullum dare? Idan ya fusata ma'aikata suka danne shi, ko da don kare shi ne, jikinsa tsohon mugun zai tuna. Abin da mai jinya ya gina cikin mako huɗu sai ya rushe cikin minti biyar.

Ta biyu ita ce amana. Mai jinya kan ce wa yaro ya buɗe masa cikinsa, alhali kuwa wajibi ne a kansa ya sanar da hukuma idan ya ji abin da ke da haɗari. Yaran ba wawaye ba ne, sun san haka, shi ya sa wasu kan ɗauke shi ɗan leƙen asirin masu makulli. Ta uku kuwa lokaci ne. Wata 3 kan ƙare a neman yardar yaro kurum, ranar da ya fara magana sai a ce wa'adinsa ya cika. A tone miki a bar shi a buɗe, ai gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Daɗin daɗawa, shi kansa mai jinyar ba dutse ba ne. Tun a 1990 McCann da Pearlman suka bayyana yadda sauraron labaran azaba yau da gobe kan bar wa mai sauraro nasa tabon: barci ya ƙaurace masa, ya daina yarda da mutane. Wanda ya gaji ya ajiye aiki, yaro kuma ya sake ganin wani babba ya tafi ya bar shi.

Saboda waɗannan dalilai ne wasu ke cewa a jinkirta jinya sai yaro ya fita ya sami matsuguni. Maganarsu tana da nauyi, to amma ni a ganina kuskure ne. Da yawa daga cikin yaran nan ba su taɓa samun abinci sau uku da gado guda na wata da watanni ba sai a wannan gida, kuma matsugunin da ake jira ba lalle ne ya samu ba. A watan Oktoba na 2018 wani yaro ɗan shekara 16, wanda ya tashi a hannun hukuma, ya kashe kansa 'yan kwanaki bayan an kai shi gidan yarin matasa na Polmont a Sikotlan. A 2024 ƙasar ta yi dokar da ta hana kai wanda bai cika shekara 18 ba irin wannan wuri, sai dai gidan tsaro. Ke nan nauyin ya ƙara komawa wuyan masu jinya.

Abin da ya dace shi ne a fara jinya, amma bisa sharuɗɗa. A bar mai jinya ya ci gaba da ganin yaronsa bayan an sallame shi. A horar da dukkan ma'aikata, daga mai gadin dare har mai dafa abinci, domin awa guda a mako ba ta rinjayar sauran awa 167, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gaya wa yaro tun ranar farko abin da za a rufa masa da abin da ba za a iya rufawa ba. Sannan a tanadar wa mai jinya wani babba a fannin da zai riƙa zama da shi yana sauke masa kayan da ya ɗauko. Hukumar da ta karɓe 'yancin yaro da sunan kare shi ta ci bashinsa, kuma ba za ta iya biya ba idan ta bar masu jinyarsa su kaɗai. Allah ya sa mu dace.