Hira a Zaure: Mako Guda a Kan Keke a Ƙasar Holan

A watan jiya ba ku ga wannan fili ba, har wasu suka aiko suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau. Tafiya ce ta kama mu, maigida da uwargida, zuwa ƙasar Holan inda babban ɗanmu yake aiki. Sunan ƙasar ba baƙo ba ne a gidajenmu na Katsina, gama daga can atamfar Holan take zuwa, can ne kuma asalin madarar Peak wadda ta shigo Nijeriya tun 1954. Sai dai mun dawo da wani tunani da ya hana mu sukuni, shi ne muke so mu tattauna da ku.

Sa'ad da muka huta gajiyar hanya, ɗanmu ya ce, "Baba, Mama, na biya muku hutun mako guda a kan keke." Maigida ya dube shi ya ce, "Kai yaro, mun ƙetare hamada da teku domin mu zo mu tuƙa keke? Ina laifin mota?" Yaron ya yi dariya ya ce mu dai yi haƙuri mu gani.

Ga yadda abin yake. Akwai tsofaffin jiragen ruwa na dako, masu faɗin ciki, waɗanda a dā suke ɗaukar hatsi da yashi a koguna da hanyoyin ruwa da aka haƙa. An gyara su, an yi musu ɗakunan kwana da wurin cin abinci. A cikin jirgin ake kwana. Da safe kowa ya karya kumallo, ya ƙulla guzurinsa na rana, ya ɗauki kekensa ya kama hanya. Jirgin kuwa sai ya bi ta ruwa da kayanku, ya je ya jira ku a gari na gaba. Tafiyar yini takan kai kilomita 30 zuwa 60. Wanda ya gaji yana iya zama cikin jirgi ranar nan, ba mai yi masa gori. Mu da muka shiga ba mu kai mutum 30 ba, yawanci kuwa masu furfura ne.

Daga birnin Amsterdam muka tashi, muka nufi arewa ta ƙauyukan masunta, Monnickendam da Volendam, har garin Hoorn. Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, ba tudu ba gangare, sai ciyawa da shanu da ruwa ko'ina. Ba a ɓata hanya, domin kowace mararraba tana da lamba a kan allo, mutum ya rubuta lambobinsa a takarda ya yi ta bi. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, a wurare da yawa kana tafiya a kan ganuwa, ruwa yana hannun dama, gonaki da gidaje suna hannun hagu, ruwan kuwa ya fi gidajen bisa. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da bakin teku. Kakanninmu sun gina ganuwar Katsina domin tsare gari daga mahara. Su kuwa maharinsu ruwa ne. Kusa da Hoorn akwai wani yanki mai suna Beemster wanda tafki ne a dā, aka kwashe ruwansa da injunan iska, aka gama a 1612, yau gonaki ne. Injunan nan kakannin farfelolin da kuke gani a Lambar Rimi ne.

Daga Hoorn muka je Enkhuizen, sa'an nan Medemblik. Ruwan da muke bin gefensa duk reshen teku ne a dā, ana kiransa Zuiderzee. A watan Janairu na 1916 ya yi ambaliya ya cinye ƙauyuka, sai hukuma ta karɓi shirin wani injiniya mai suna Cornelis Lely, aka kafa doka a 1918 cewa za a toshe bakin tekun. Ran 28 ga Mayu 1932 aka rufe kafa ta ƙarshe ta wata ganuwa mai tsawon kilomita 32. Sannu a hankali ruwan gishiri ya zama ruwan daɗi. Daga baya aka busar da wani sashe, har ya zama lardi guda, Flevoland, a 1986. Jirginmu ya bi ta ƙofar ruwa da ke jikin ganuwar nan, aka rufe mu ciki har ruwan ya daidaita, aka buɗe, sai ga mu a teku.

Daga nan sai tsibiri. Akwai jerin tsibirai a gaɓar arewa, 5 daga cikinsu da mutane. Babbansu shi ne Texel, su suna cewa Tesel. Mutanensa ba su wuce 14,000 ba, tumaki kuwa duk inda ka duba. Tekun da ke tsakanin tsibiran da babbar ƙasa, watau Wadden, abin kallo ne: sau biyu a yini ruwan yakan janye ya bar laka har iyakar ganinka, sa'an nan ya komo. Tsuntsaye miliyoyi suke sauka su yi kiwo a lakar nan kowace shekara, da yawansu kuma a gaɓar Afirka ta Yamma suke cin rani, a Muritaniya da Gini Bisau. Uwargida ta ce ashe ba mu kaɗai ne baƙi daga gida ba. A 2009 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren gadon duniya. A biyu daga cikin tsibiran, Vlieland da Schiermonnikoog, ba a yarda baƙo ya shigo da motarsa ba sam.

A Texel ne girman kai ya sha kunya. Maigida, wanda ya yi shekaru yana zuwa makaranta koyarwa a kan Raleigh, ya ce shi zai ja gaba zuwa jar hasumiyar fitila da ke ƙarshen tsibirin, wadda aka gina a 1864. Bai san iskar teku ba. Tana bugun ƙirji kamar ana tura ka baya da hannu. Yana cikin haki sai wata tsohuwa, da kwandon kayan miya a gaban kekenta, ta gaishe shi ta wuce. Uwargida, wadda rabonta da keke tun tana makarantar kwana, ta bi sannu a bayan ɗanmu, ta kuwa riga maigida isa. Har yau ba a gama maganar a gidanmu ba.

A komowa muka bi ta Den Helder, muka ratsa tuddan yashi na bakin teku zuwa Alkmaar, inda ake cin kasuwar cuku ran Jumma'a da safe a lokacin ɗumi, muka koma Amsterdam. Kwana bakwai ke nan. Ba za mu ɓoye muku ba, kuɗin irin wannan hutu na mutum ɗaya ya fi abin da mai ƙaramin albashi yake samu a shekara a nan. Ba muna ba ku labari domin ku sayar da gona ku tafi ba.

Abin da ya tsaya mana a rai yara ne. Kowace safiya muna gamuwa da su garke garke suna tafiya makaranta a kan keke, maza da mata, ba babba tare da su. Mun ga uwaye da jarirai a kujerar gaba, mun ga tsofaffi masu shekara 80. Mutanen ƙasar wajen miliyan 18 ne, kekunansu sun fi miliyan 22. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na zirga-zirgarsu a kan keke ne, suna da hanyoyin keke na musamman fiye da kilomita 35,000. Mark Rutte, wanda ya yi firayim minista daga 2010 zuwa 2024, an san shi da zuwa ofis a kan keke. Kafin yaro ya gama firamare, a yawancin makarantu yakan yi jarrabawar dokokin hanya.

Da fari mun zaci haka Allah ya halicce su. Ashe ba haka ba ne. Bayan yaƙin duniya na biyu arziki ya zo musu, kowa ya sayi mota, aka faɗaɗa tituna, aka ture masu keke gefe. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a haɗarin hanya, fiye da 400 a cikinsu yara ne. Sai iyaye suka tashi. Suka kafa ƙungiya mai suna Stop de Kindermoord, watau a daina kashe yara. Suka tare tituna da kekuna, suka rubuta wa hukuma, suka ƙi yin shiru. Ana cikin haka sai ƙarancin mai na 1973 ya zo, gwamnati ta hana tuƙa mota ran Lahadi na wasu makonni tun daga watan Nuwamba, mutane suka tuna yadda gari yake idan ba hayaniyar mota. Daga nan garuruwa suka fara ware wa keke hanyarsa, suka tilasta wa mota ta rage gudu a unguwanni. A 2023 waɗanda suka mutu a hanya ba su kai 700 ba, ko da yake motoci sun ƙaru ƙwarai. Har yanzu ana haɗari, musamman tsofaffi masu keke, amma bambancin a fili yake. Hutun da muka ji daɗinsa, iyayen wancan zamani ne suka share mana hanyarsa.

To, mu dawo gida. Katsina ma shimfiɗe take. Manya a cikinmu sun tuna lokacin da malamin makaranta da malamin asibiti da akawu duk a kan keke suke zuwa aiki, ango kuma yakan goge Raleigh ko Phoenix ɗinsa har ya ga fuskarsa a jiki. Yau keke ya zama alamar talauci a idonmu. Saurayi ya gwammace ya ci bashi ya hau achaba da a gan shi yana tuƙi. Tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin kai yara makaranta da ɗauko su ya zama nauyi a gidaje da yawa, ga kuma keke yana tsatsa a zaure. Idan ka tambayi uba don me ba zai bar ɗansa ya hau ba, zai ce yana tsoron titi. Gaskiyarsa kuwa. Wanda ya tsaya a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Kwaya da safe ya ga yadda mota da babur da Keke Napep suke rububi, ba zai ga laifinsa ba. Akwai kuma zafin rana na bazara, da hanyoyin bayan gari da rashin tsaro ya hana mu bi a shekarun nan. Ba mu manta da waɗannan ba.

Duk da haka akwai abin da yake hannunmu. Na fari, mu da muke da mota ko babur, mu rage gudu a unguwa da bakin makaranta, mu ba mai keke fili. Yaron da ke gabanka ɗan wani ne. Na biyu, mu kai tsohon keken nan wurin mai gyara, a sa masa birki mai kyau da ƙararrawa da fitila, mu koya wa yara, mata da maza, a fili marar mota, mu koya musu hannun da ake bi da yadda ake nuna za a juya. Na uku, mu buɗe baki a taron iyaye da malamai. A roƙi jami'an kiyaye haɗari su zo su koya wa yara, a nemi alamar tsallakawa da tudun rage gudu a ƙofar makaranta, a tuna wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma cewa titi na masu ƙafa da masu keke ne kuma. Iyayen Holan ba su gama aikinsu a shekara guda ba, mu ma ba za mu gama ba, amma sai an fara.

Na ƙarshe, mu koyi hutawa tare da iyali. Yawancinmu hutunmu yana ƙarewa a biki da ta'aziyya. Idan sanyin hunturu ya shigo, ku zaɓi safiyar Asabar tun titi bai cika ba, ku ɗauki ruwa da ƙosai, ku fita da yara. Ku nuna musu Hasumiyar Gobarau, da tsohuwar Kwalejin Katsina, da Ƙofar Soro, ku bi ta Ƙofar Guga ko Ƙofar Sauri ku ga abin da ya saura na ganuwa. Yara da yawa an haife su a garin nan ba su taɓa ganin waɗannan ba. Jirgin ruwa dai ba mu da shi, amma tuwon gida yana jiranku da kun dawo.

Mu kam mun riga mun kai namu keken wurin gyara. Wanda ya gwada da iyalinsa, ya rubuto mana yadda ta kaya, za mu buga a wannan fili. Sai wata mai zuwa, in Allah ya yarda. Ku huta lafiya.