Turbo ta cinye kasuwa: abin da tseren Jidda yake gaya wa fitocin zango



Duk lokacin da tseren Formula 1 ya zo Jidda, samarinmu na Nima da Aboabo da Ashaiman sukan taru a gaban talabijin ana gardamar direbobi. Tun watan Disamba na 2021 ake tseren a bakin tekun Jidda, da dare, a kan hanya mai kilomita 6.174 da kwana 27. Lewis Hamilton ya ci na farko, Oscar Piastri ya ci na Afrilun 2025. Mu a ƙungiyar matasa injin motocin ya fi ɗaukar hankalinmu, don ya shafi abincin yaranmu da ke koyon fita.

Injin motar tseren lita 1.6 ne kacal, silinda shida, girmansa bai wuce na ƙaramar taksi ba. Amma da taimakon turbo da lantarki yana ba da ƙarfin doki kusan 1,000. Asirin shi ne iska. Inji yana ƙona mai ne da iska, in ka cusa masa iska da yawa sai ya ƙona mai da yawa ya ƙara ƙarfi. Hanyoyin cusa iskar biyu ne, supacaja da turbo.

Supacaja bel ne yake juya ta daga jikin injin, kuma iri uku ce. Akwai Roots, mai sunan wasu 'yan uwa biyu a Amurka da suka yi rajistar ta a 1860 don hura wutar narkar da ƙarfe. Tana amsawa da zarar ka taka totur, amma tana ɗumama iska. Irinta ce a cikin Mercedes Kompressor da muka saba gani a garejinmu. Akwai mai sukurori biyu, wadda Alf Lysholm na Suwidin ya inganta, tana matse iskar a cikinta, ba ta kai Roots zafi ba amma ta fi ta tsada. Ta ukun mai fanka ce, sai inji ya hau gudu sannan ƙarfinta yake fitowa. Dukkansu aibinsu ɗaya, daga ƙarfin injin suke ci kafin su ƙara masa.

Ita turbo hayaƙin da zai fita ta salansa ne yake juya ta. Alfred Büchi na Suwizalan ya yi rajistar dabarar a 1905. Da yake abin da za a zubar take amfani da shi, ta fi tattalin mai. Aibinta shi ne ɗan jinkiri kafin ta ɗauka, ga zafi mai tsanani, ga juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Man inji ne kawai yake riƙe da ranta.

Kamfanoni sun riga sun yi zaɓi. Formula 1 ta koma turbo tun 2014, kuma dokar 2026 ta bar turbo ta ƙara rabon lantarki har kusan rabin ƙarfin motar. Mercedes ta ajiye Kompressor ta koma turbo. A 2021 Toyota ta cire V8 daga Land Cruiser, motar da Saudiyya take ji da ita, ta sa V6 mai turbo biyu. Honda Civic daga 2016 da Accord daga 2018 suna zuwa da inji lita 1.5 mai turbo, kuma su ne hom-yus da ke sauka a Tema yanzu. Sprinter ɗin da muke shiga a matsayin trotro ma dizal ce mai turbo. Supacaja ta rage a manyan motocin masu kuɗi irin tsohuwar Range Rover mai V8.

To mu ina muka tsaya? Kwanan baya wani ɗan unguwarmu mai aikin haya ya sayi turbo sau biyu cikin wata huɗu. Kowane lokaci fita ya cire tsohuwa ya ɗaura wata, bai duba bututun da ke kai mata mai ba, alhali ya toshe da dauɗa. Kuɗin da ya tara don aure a nan suka tafi. Ba mugunta fitan ya yi ba, mastansa bai taɓa koya masa ba, shi ma mastan a zamanin kafireto ya koyi aiki. Irin wannan yana sa masu mota su tsallake garejin zango su tafi inda ake jona kwamfuta a duba.

Akwai dattawan da ke cewa inji mara turbo ya fi lafiya a ƙasa mai zafi da ƙura. Suna da gaskiya ta wani ɓangare, kayansa kaɗan ne, gyaransa da sauƙi. Sai dai Jidda ta fi Ankara da Kumasi zafi a lokacin bazara, kuma motocin turbo suna aiki a can. Bambancin kulawa ce: man inji irin wanda kamfani ya rubuta, canza shi a kan lokaci, filtar iska mai tsabta, intakula da lagireto marasa toshiya, da barin inji ya ɗan huce bayan doguwar tafiya kafin a kashe.

Roƙonmu uku ne. Mastoci su ba yaransu dama su je kwas na turbo da wayarin da na'urar duba mota, ko da rana ɗaya ce a mako. Sarakunan zango da limamai su sa baki wajen Zongo Development Fund da hukumar CTVET a kawo irin wannan horo kusa da mu. Matasa masu shirin tafiya Jidda neman aiki kuma su sani, mai takardar shaidar sana'a da ya iya injin zamani ba ɗaya yake da wanda ya je hannu rabbana ba.

A Suame Magazine da Abossey Okai kayan turbo sun cika shaguna, masu iya ɗaura su yadda ya kamata ne ba su da yawa. In yaranmu ba su cike wannan gurbi ba, wasu za su cike.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya ƙara wa iyayenmu lafiya.