An Rufe Filin Freehold, An Bar Masu Dawaki da Jangwam

Ranar 28 ga Disamba, 2024, aka yi tsere na ƙarshe a filin Freehold da ke jihar New Jersey ta Amurka, aka garƙame ƙofa. Tun shekarun 1830 ake sakin dawaki a wurin, kuma ana ɗaukarsa filin tsere mafi daɗewa a ƙasar. Wannan jarida na ganin rufewarsa ta isa a tsaya a kanta.

Tseren ba irin sukuwar da muka sani ba ne. Ba a ɗaura sirdi. Doki ne ke jan ɗan keke mai ƙafa biyu, direba na zaune dab da wutsiyarsa, ƙafafu a wage, linzami a hannu, ƙasa na feshin fuskarsa. Ƙa'ida ta hana dokin ɓarkewa da sukuwa. Ko dai ya yi sassarfa, ko ya riƙa ɗaga ƙafar gaba da ta baya na gefe guda a tare, kamar raƙumi. In ya karya tafiyar, dole direba ya ja shi gefe har ya dawo hayyacinsa, abokan karawa kuwa sun yi gaba. Horar da doki ya yi gudu iya ƙarfinsa kuma ya kame kansa aiki ne na shekaru. Manoma ne suka raini wasan a bukukuwan baje kolin amfanin gona, kuma kusan duk dawakin jinsin Standardbred, waɗanda ake wannan tsere da su, zuriyar wani ingarma ne, Hambletonian, da aka haifa a 1849.

To, me ya kori jama'a? Wasan ya jingina da caca, ita kuwa ta sami wasu gidajen. A 1971 birnin New York ya buɗe shagunan zuba kuɗi a kan dawaki ba sai mutum ya taka fili ba. A 1976 aka buɗe katafaren filin Meadowlands a jihar ta New Jersey, ya kwashe manyan dawaki. Bayan shekara biyu gidajen caca suka fara aiki a birnin Atlantic City na jihar. Gobara ta cinye rumfar 'yan kallon Freehold a 1984, aka sake ginawa, amma wannan ba ita ce cutar ba. Filin Roosevelt na jihar New York, wanda ya tara mutum sama da 54,000 a dare guda a 1960, ya rufe tun 1988.

Filayen maƙwabta sun tsira ne da injinan caca: jihar Pennsylvania ta halatta su a 2004, filin Yonkers na jihar New York ya girka nasa a 2006, ladan tsere ya ƙaru, masu dawaki suka bi kuɗi. Masu zaɓe a New Jersey sun ƙi amincewa da gidajen caca a wajen Atlantic City a 2016. Daga baya caca ta wayar hannu ta ƙarasa aikin.

Ba ma zubar wa caca hawaye. Mun ga abin da take yi wa samari a garuruwanmu, kuma ba mu yarda cewa ƙarin injina ne magani ba. Takaicinmu shi ne an shafe shekara hamsin ana ganin kujeru na zama wayam, amma masu filin da hukumomin jihar ba su samar wa wasan madogara mai ɗorewa ba. Waɗanda abin ya faɗa wa su ne yaran barga da ke tashi da asuba su share kashi su ɗaure ƙafar doki, da masu buga takalmin kofato, da manoman ciyawa, da mai doki biyu ko uku da ba za su iya karawa a Meadowlands ba. Freehold ne wurin cin abincinsu. Dokin da ya rasa inda zai yi tsere kuma kasuwar gwanjo ke jiransa. Ya kamata hukumar tseren New Jersey ta ware wa waɗannan ƙananan dawaki ranaku a Meadowlands, ta kuma bi sawun inda tsofaffinsu ke ƙarewa.